Lamba Arba'in da Ɗaya

Na koma Arhangai da akwatin ƙanƙara,
da ƙananan kwalabe ɗari da ashirin,
da cokulan roba masu dogon wuya.
Kakata Norjin ta leƙa ciki ta ce,
"Shekara bakwai kina karatu a Ulan Bato,
ashe kashin maraƙi aka aiko ki kwasa?"
Na ce, har da na yara, Kaka.
Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

A bakin ƙofar bukka
salkar fatar sa tana rataye,
cike da nonon goɗiya mai tsami.
Duk wanda ya shigo sai ya kama muciya
ya buga sau goma, ko da baƙo ne.
Na ɗebi kaɗan, na rubuta arba'in da ɗaya.
"Me kike nema a ciki?"
Masu rai, Kaka, waɗanda ido ba ya gani.
"Ai na san suna nan.
Wa kike zato nake ciyarwa
tun kafin a haifi ubanki?"

Rana ta uku wata karsana ta kwanta.
An yi mata allura mako guda, zazzaɓi ya sauka,
amma ta ƙi ciyawa, ta daina tuƙa,
ido ya faɗa, ƙugu ya fito.
Kaka ta kafa kunne a cikinta,
ta ce, "Shiru. Gari ya watse.
Magani ya kori ɓarawo, ya haɗa da masu gida."
Ta nufi tsohuwar saniya mai karyayyen ƙaho,
ta jira curin tuƙa ya hau maƙogwaro,
ta cusa hannu a baki ta ƙwato shi,
kore, da ɗuminsa, da wari mai hawa ka,
ta ruga kamar mai ɗibar wuta a maƙwabta
kada garwashi ya mutu a hanya,
ta tura wa karsana.
Ni da safar hannu ina tsaye,
ban ma tuna da kwalba ba.
Kwana biyu, muƙamuƙi ya soma juyawa.

A ɗakin bincike sun yi mini rowa.
Na shimfiɗa musu abinci a faranti,
na zuƙe iska, na saita ɗumi irin na tumbi,
cikin ɗari ƙalilan suka amsa sallama.
Sauran sai sawunsu na bi a na'ura,
sunaye masu tsawo, wasu ma ba a raɗa musu ba.
Sodnom, abokin aikina, yana so mu zaɓi guda,
mu busar, mu ɗura a ƙwanso, mu kai kanti.
Na ce, mutum ɗaya ba ya cin kasuwa.
Ya ce, to ba a sayar da gari ɗungum.
Har yau ba mu gama wannan musu ba.

Kaka ta rasu shekarar da ƙanƙara ta cinye rabin garke.
Salka ta bushe ta tsage.
Kawu ya sayo shuɗin durom na roba;
nono yana tsami, ba laifi,
amma harshena ya san ba shi ba ne.

Arba'in da ɗaya tana nan a firiza,
aljihu na uku, can ƙurya,
rubutun hannuna ya soma kankarewa.
Jiya da kowa ya tashi aiki
na narkar da rabin cokali,
na zuba a nonon da na sayo bakin titi,
na lulluɓe kwalbar da tsohuwar rigar sanyi.

Da asuba na kai kunne.
Ƙus-ƙus, ƙasa-ƙasa,
kamar mutane suna hira a ɗaki na kusa.
Jaririn cikina ya yi juyi.

Ban rubuta a littafin aiki ba.
Na ɗauki cokali
na buga sau goma.